Ranar da Na Aske Gashin Bakina

A shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, ƙanena ya aiko mini da 'yarsa daga ƙauyenmu domin ta zauna a hannuna a Agege, cikin Ikko, in sa ta makaranta. Shekarunta goma sha biyar. Ta iso a gaban motar tumatir, riƙe da wasiƙa wadda ta ƙare da cewa yarinyar tana da taurin kai, Yaya ya yi haƙuri da ita.

Ni kuwa a lokacin na shekara talatin ina fataucin fatu a mayanka, kuma gidana gida ne mai tsari. Yaro ba ya tsayuwa a kaina, ba ya kuma duban fuskata in ina magana. Haka aka rene mu, haka na reni nawa, duk da a Ikko aka haife su.

Ladabi kam ta zo da shi. In aka turo ta gabana sai ta durƙusa, ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji. In gama bayani, ta ce, "To, Baba," ta tashi, amma abin da na umarta ba za a yi shi ba. Wata rana na kira ta sau huɗu tana wanki, ko waiwaye ba ta yi ba. Bayan wata biyu na yanke hukunci: ranar Asabar za ta bi direban da ya kawo ta, su tashi daga kasuwar Mile 12, ta koma gida, makaranta kuwa an fasa. Mai ɗakina ta roƙe ni, na ƙi.

Ranar Alhamis da la'asar, ina dawowa daga mayanka, sai na hango ta a shagon maƙwabciyarmu, wata tela Kirista 'yar kudancin Kaduna. Yarinyar ta kafa wa matar ido, tana ba ta amsa, tana dariya. Ni da ban taɓa jin kalma uku a bakinta ba!

"Baba Alhaji, sannu da dawowa," in ji telar. "An ce za ka kore mini ɗiya?"

Na ce, "Wadda ba ta jin magana ba ta zama a gidana."

"To ai ka faɗa da kanka, ba ta ji! Kunnenta ya yi nauyi. Bakin mutum take kallo ta gane abin da ya ce. Kai kuma ka sa ta kallon ƙasa, kana ta yi wa ɗankwalinta wa'azi."

A nan na ji labarin. Tun tana shekara tara take zuba hatsi a injin niƙan mahaifinta, safe har yamma, cikin ƙarar nan. Jinta ya yi ta raguwa a hankali, kunya ta hana ta faɗa, mutanen ƙauye kuma suka kira abin taurin kai.

Na shiga zaure, na juya kujerata ta fuskanci hasken ƙofa, na sa aka kawo ta. Ta durƙusa kamar kullum. Na miƙa hannu na ɗago haɓarta. Ban san wanda abin ya fi yi wa nauyi ba tsakanina da ita. Na ce a hankali, "Ba za ki koma ba. Ranar Litinin za ki fara makaranta."

Ta dube ni, ta ƙara duba. Can ta ce, "Baba, ka gafarce ni. Gashin bakinka ya rufe maganar."

Mai ɗakina, wadda ashe tana laɓe a bayan labule, ta fashe da dariya har da tari.

Gashin bakin nan tun ina saurayi nake kiwonsa, kuma da shi aka san ni a kasuwar fatu. Na aika aka kira wanzami nan take. Yana riƙe da aska yana tambayata, "Alhaji, duka?" Na ce duka. Da ya gama na sake zama a gabanta, leɓena a fili kamar na yaron goye, na maimaita maganata. Ban kai ƙarshe ba ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, dariya da kuka a haɗe.

Washegari a masallacin Juma'a abokan sana'a suka sa ni gaba: "Alhaji, ɓera ne ya bi ka a barci?" Na ce likitan kunne ne ya rubuta mini.

Likitan gaskiya, da muka je, ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma a kiyaye saura, a kuma zaunar da ita a layin gaba a aji. Ranar Asabar motar tumatir ta tashi ba da ita ba. Wasiƙa kawai na ba direba, ina umartar ƙanena ya fitar da ƙannenta daga ɗakin injin.

Ta gama makarantarta a hannuna. Har yau ita kaɗai ce a zuriyarmu take duban fuskata kai tsaye, kuma in wanzami ya yi jinkiri, ita ce take fara yi mini tuni.