Kunyar Ɗan Fari a Ƙofar Asibiti

Cikin duk abin da na gani a shekarun da nake dillancin auduga, akwai wata Laraba ta damina da ba za ta taɓa fita raina ba. Da hantsi aka kawo mini ɗana na fari daga gonarmu ta Ƙarfi, kwance a bayan akori-kura, gumi na zuba, yawu na dalala. Muka nufi asibiti a Malumfashi.

A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya nuna damuwa da shi gaban mutane. Saboda haka na tura ƙanena ya shiga da shi, ni na tsaya waje. Tsayuwar ma ta gagara. In je bakin taga, in dawo gindin darbejiya, in sake komawa.

Ta tagar nake hangen nas ɗin, 'yar Kudu ce haifaffiyar garin, Hausa a bakinta kamar tawa. Ta riƙe wuyan hannun yaron tana duban agogo, ta ɗaura masa abin awon jini a damtse, ta buɗe idonsa ta haska. Tana ta tambaya, ƙanena yana ta girgiza kai. Gaskiyarsa, ranar ya dawo daga tafiya.

Sai ga ta ta fito da sauri. "Wane ne ubansa?"

Na sunkuyar da kai. "Yaron gidanmu ne."

"Alhaji, ban tambaye ka gidan wa ba! Bugun zuciyarsa sai raguwa yake, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura. Yana farfaɗiya? Me ya ci? Wane aiki ya yi? In ban ji ba, ban san allurar da za a yi masa ba."

Ni kaɗai na sani. Ni na sayo maganin ƙwari, ni na sa shi feshin auduga kwana uku, tankin yana yoyo a bayansa.

"Ɗana ne," na ce, na zayyana mata komai.

"Kuma tun ɗazu kana nan tsaye?" Ba ta jira amsa ba. Aka tuɓe masa riga, aka wanke shi da sabulu, aka yi ta yi masa allura. Da la'asar ya buɗe ido. Na kira sunansa, karo na farko a rayuwarsa. Ya dube ni kamar bai san muryar ba.

Ranar na gane kunya ma tana da wurinta. Har yau a taro ba na kiran sunansa. Amma in asibiti aka je, ni nake fara shiga, kuma ba a tambayata abu sau biyu.