Tulunan Ƙarfen Mary

Ni ban taɓa ɗanɗana burukutu ba, kuma ba zan ɗanɗana ba har in koma ga Mahaliccina. Dawa nake sayarwa a kasuwar Jalingo, abin da mutum zai yi da ita in ya kai gida tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Na faɗi wannan tun farko ne saboda masu baki, don labarin Mary zan bayar, ita kuwa sana'arta ke nan.

Maƙwabciyata ce a Nukkai, katanga ɗaya ta raba mu. 'Yar Mumuye ce, gajeriya, ga ƙarfin hannu, ga tsabta har ta yi yawa. A wurin uwarta ta koyi dahuwa. Ta jiƙa dawa, ta rufe ta da ganye ta tsira, ta shanya, ta kai niƙa, ta dafa, ta tace, ta sake dafawa, kusan mako guda tana fama da hayaƙi. Masu sha sun ce a duk Nukkai ba mai hannunta. Oho, su suka sani. Ni dai abin da na sani, ban taɓa ganin ƙuda a bakin tukunyarta ba, kuma ban taɓa ganin tukunyarta tana yoyo ba. Da ta hangi tsaga ko kamar gashi ce, za ta narka kakin zuma ta liƙe.

Mijinta Bulus mutumin Iware ne. Da ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, zumunci ya fara tsinkewa kamar yadda ya saba. Abu ɗaya ya rage. Wan mijin, Baba Ɗantani, yana kiran gayya kowace damina idan ciyawa ta fi ƙarfin gonarsa. Maza su taru su yi masa noma, ba a biyan kowa, ladansu tuwo da burukutu. Mary ce mai dafa wannan burukutun tun Bulus yana da rai. A ranar ne kawai ake ce mata "matarmu", a zaunar da 'ya'yanta cikin 'yan'uwansu, a nuna musu inda gonar ubansu ta tsaya. Ta sha gaya mini cewa muddin ana kiranta gayyar nan, 'ya'yanta suna da gida a Iware. Ranar da aka daina, shi ke nan.

Ana nan sai ƙaninta Joseph ya dawo daga Abuja, inda ya yi shekaru yana zuba wa baƙi giya a wani otal. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba, amma bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ya zo mata da tsaraba: tulunan ƙarfe uku na hannu, dogaye masu ƙyalli, da silindar iska, da wani abu mai fuskar agogo da ake ɗaura mata, da tiyo, da ɗan famfo. Ya ce zamanin tukunya da ludayi ya wuce. Ka zuba, ka rufe, ka haɗa iska, ka murɗa famfo, abin sha ya fito da kansa. Ba ƙura, ba fashewar tukunya a hanya.

Da farko ta ƙi. Amma tana son yaron nan, kuma akwai abin da ba ta faɗa ba sai ni na karanta a fuskarta: ta gaji da kallon tausayin da matan Iware suke yi mata. Tana so sau ɗaya ta sauka a garin da abin da ba su taɓa gani ba.

Suka yi gwaji a tsakar gida, ina leƙe ta katanga. Joseph ya cika tulu ɗaya da ruwan rijiya, ya datse murfi, ya buɗe iska, ya murɗa famfo. Ruwa ya zubo siriri gwanin sha'awa. Mary ta yi ta dariya tana tafa hannu. Ya koya mata wanki, ya koya mata rufewa, ya koya mata karanta agogon. Bai ce komai ba game da ɗan zoben da ke kan murfin, ita ma ba ta tambaya ba.

Ranar gayya da sassafe Joseph ya fita neman mota. Ita ta ɗura burukutun da kanta, mai kauri yadda mutanen Iware suke so, yana ta motsi yana kumfa, ta cika tulunan fal ta datse. Can sai ta ji tsiii daga wajen zoben nan, kumfa tana tsatsowa. Ashe ƙofar numfashi ce, an yi ta ne don iska ta fita idan ta yi yawa. Wa ya gaya mata? Ita abin da ta gani yoyo ne, yoyo kuwa a gidansu abin kunya ne. Ta narka kaki ta liƙe duka ukun, ta yanko robar tayar babur ta ɗaure tamau, ta lulluɓe kawunan da sabon zane don kwalliya.

Na bi su a motar, don ina da barkar haihuwa a Iware. Rana ta buɗe, hanya ga ramuka, tulunan suna ta karo da juna a baya. Da na gama barkata sai na taka bakin gonar in jira motar komawa, na sami gindin wata bishiya nesa kaɗan na zauna. Da ma ban je ba.

Bayan azahar maza suka fito daga gona, gumi sharkaf, suka jingine fartanyu suka zazzauna a inuwar ɗorawa. Tun safe ba abin da ya shiga cikinsu sai ruwa. Al'adarsu, mai dahuwa ita take ɗiban ƙwaryar farko, ta kurɓa a gaban kowa, sannan ta durƙusa ta miƙa wa babba. Mary ta sha sabon ɗinki. Mata sun kewaye tulunan suna taɓawa. Ta ɗauki ƙwarya, ta durƙusa gaban Baba Ɗantani, ta murɗa famfo.

Ko ɗigo. Tsakin dawa ya toshe hanyar. Ta sake murɗawa, shiru. Wani daga baya ya ce ko sai an kawo wutar lantarki, aka kwashe da dariya. Joseph ya ce a ba shi wuri, ya ƙara iska, ya ƙara, ya bubbuga tiyon. Sai abin ya ɓalle. Tiyon ya fizge daga jikin tulun, burukutu ya yi tsiri sama, ya sauko a kan Baba Ɗantani tun daga hula har takalmi. Ba wanda ya iya tsayar da shi. Maza suka watse, kumfa ta malale ƙasa, Mary tana nan durƙushe da ƙwarya a hannu.

Wallahi ni da ba ruwana sai da na ja mayafi na rufe fuska. Kunya ta kama ni kamar ni na yi.

Sai a lokacin Joseph ya yaye zanen ya ga kaki da roba. Ya dafe kai. Ya kwance sauran biyun a hankali, suka yi ta huci suna amayar da kumfa, da aka samu aka buɗe rabi ya tafi, abin da ya rage kuma zafin ƙarfe ya tsamama shi. Mary ta kurɓa, na ga yadda ta runtse ido. Ba ta miƙa wa kowa ba.

Da Baba Ɗantani ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Bai yi ba. Ya cire hularsa ya matse, ya juya ya ba maza haƙuri ɗaya bayan ɗaya, tsoho da furfurarsa yana roƙon yaran da ya girmi iyayensu. Suka ci tuwo da ruwa suka ɗauki fartanyunsu. Rabin gonar ba a nome ba, kuma ba wanda ya koma.

A mota ba ta yi kuka ba. Mun kusa shiga gari ta ce, "Balaraba, na zubar da mutuncin tsohon nan a gaban mutanensa." Na ce ƙaddara ce, na ce laifin Joseph ne da bai yi bayani ba. Ta girgiza kai. Ta ce ba wanda ya sa ta, ita ce ta so a gan ta.

Ta yi makonni ba ta hura wuta ba. Daga baya ta koma tukwanenta, don ciki ba ya jira. Joseph ya sayar wa wani mai zoɓo tulunan. Ta aika wa Baba Ɗantani sabuwar hula, ya karɓa ya ce ya gode.

Da damina ta zagayo, kullum sai ta zo rumfata ta zauna, wai hira. Na san abin da take jira. Ran nan sai ga Baba Ɗantani da sandarsa, rumbunsa ya yi ƙasa ya zo sayen dawa. Ta zame daga benci ta durƙusa. Ya amsa da fara'a, ya tambayi yara da sunayensu. Sannan ya dube ni, bai dube ta ba, ya ce, "Hajiya, buhu ɗaya. A kai gidan Rifkatu, matar ƙanina, ita za ta dafa bana."

Na rasa inda zan sa idona. Na jawo buhun da ya fi kusa.

"Ba wannan ba," in ji Mary. "Ki ba shi jar dawar, ta fi tsira da kyau."

Ta tashi ta riƙe mini bakin buhun ina aunawa, ta ɗaure shi da hannunta, ta taya mai baro ɗorawa. Ƙaramar 'yarta da ta biyo ta kasuwa ta ja zanenta tana tambaya yaushe za su Iware. Mary ta ce mata bana ba za su ba.