Gautar da Manya Suka Cinye

Na koyar da shimi, wato ilimin sinadarai, a lise, babbar sakandaren Magaria, har ƙurar alli ta dusashe mini murya, kuma cikin duk waɗanda suka zauna a gabana mutum ɗaya ce ta taɓa yi mini tambayar da ta fi ƙarfina. Ƴar manoma ce daga Dantchiao. Ba mu da laboratuwar, ɗakin gwaje-gwaje, a lokacin. Ɗakin da aka rubuta wa sunan, buhunan wake ne a cikinsa. Don haka nakan sayi gauta a kasuwa, in soke babba ɗaya da ƙanana biyu da tsinken tsintsiya, in ɗaga in ce wa yara ga ƙwayar ruwa. Ita ce ta ɗaga hannu ta kira ni yadda ƴan lise ke kiran malami da Faransanci, ta ce, "Mushe, a cikin ruwan gaske, mene ne tsinken?" Na ce ta je jami'a ta tambaya, ni iyakata ke nan.

Ta je. Ta yi nisa har ƙasashen waje, inda ake lissafa wannan tsinke da inji, ana bin yadda elektaron ke riƙe zarra da zarra. Can aka ba ta lambar yabo ta matasa masu bincike, wadda ke ɗauke da sunan wani Bature cikin waɗanda suka fara wannan lissafi. Ya rasu tun ba a haife ta ba. Masu lambar sun ga hanyar girmama shi ita ce a ɗauko matashi a zauna a saurare shi.

Da ta zo hutu ta same ni a gida, ta durƙusa ta gaishe ni. Abu ɗaya ta roƙa: a ba ta ƴan tarminal, ajin ƙarshe, ta yi musu darasi guda, ta amsa tambayar nan tata a gabansu. Washegarin ranar za ta koma.

Na kai wa provizer, shugaban makaranta, maganar. Ya ce ai wannan abin gari ne, ba abin aji ba.

Aka kafa rumfa, aka yi hayar kujeru da lasifika, aka gayyato manya har daga Bande da Dungass. Ɗalibai kuwa aka jera su a rana bayan igiya, aikinsu tafi. Ta iso da faranti cike da gauta da damin tsinke, ta ajiye a kan teburin gaba, don nan aka ce za ta tsaya.

Mutum bayan mutum suka tashi, kowa yana gaida wanda ya gaishe shi. Wani ya kira ta likita. Wani ya ce tun tana goye ya ga alama. Na lallaɓa wurin mai gabatarwa na ce rana tana yi, yaushe za a ba ta lasifika?

Ya dube ni kamar na nemi a yi rawa a masallaci. "Haba Mushe, a gaban iyayenta? Ai kawunta zai yi magana a bakinta."

Na san al'adar, a cikinta na girma, kuma a ɗaurin aure ko rabon gona ba ni da ja. Amma ban san kawu yana gadon lissafin elektaron ba.

Kawun ya tashi, dattijon kirki, mai shanu. Ya gode wa Allah, ya gode wa hukuma, sannan ya ce a isar da gaisuwarsa ga Baturen nan da iyalinsa, in ya samu sarari ya zo Dantchiao a yanka masa rago. Aka yi tafi. Ba da kawun nake fushi ba. Shi kaɗai ne ya yi maganar da ya yi imani da ita.

Ana cikin haka wani babba ya miƙa hannu ya ɗauki gauta. Gauta a faranti a gaban baƙi, me ake jira? Farantin ya zaga layin gaba, ya shiga na biyu. Tsinken ma bai yi asara ba, an sakace haƙora da shi. Tana zaune kanta a sunkuye, kamar yadda aka koya mata tun kafin ni in koya mata komai.

Da aka kawo abinci, aka sallami ɗalibai don kada su yi wa manya cunkoso. Muka zaga ajujuwa ni da ita, babu kowa sai tebura.

Ta ce, "Mushe, ba komai. Wata shekara."

Na ce, "Ƴata, waɗannan wata shekara sun yi jarrabawar bak sun watse."

Ta ɗauki farantinta, ta hau bayan mashin.

Ranar Litinin na shiga tarminal na tambaye su abin da baƙuwarmu ta karanta. Suka haɗa baki suka ce likita ce. Na aika a sayo gauta, na soke uku, na ɗaga, na jira. Babu wanda ya yi tambaya a kan tsinken.