Ranar da Na Kai Hannu Kan Rigar Attajirin Italiya

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ban ga yadda zai kwashe ranar da ƙararrawa ta kaɗa saboda ni a babban gidan zane-zane na tsakiyar London ba.

A lokacin autata tana shirin shiga jami'a, ta ce tarihin zane-zane za ta karanta. Ni kuwa a kasuwar Kwari na tashi ina auna yadi, karatuna bai wuce firamare ba, amma a flat ɗinmu na Thamesmead babu fannin da ban zama shehinsa ba. Na ce, "'Ya'yan mutane suna zama likitoci, ke kallon bango za ki je koyo?" Ta ce, "Baba, please, ka zo ka gani sau ɗaya. In ka ce a'a bayan nan, na haƙura." Na yarda, don na riga na yanke hukuncina tun a gida.

Ranar Asabar na zuba babbar riga, muka hau bas, muka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. A ɗakunan farko wasu mutanen cikin zanen ko ɗan kamfai babu, sai na bi ta ciki ina kallon takalmina ina istigfari. Ita kuma tana ta bayani. Wai shekaru ɗaruruwa da suka wuce mutanen Italiya suka tono littattafan Girkawa da Rumawa na dā, suka ce ɗan Adam ma abin a tsaya a nazarta ne, da hankalinsa da jikinsa da sana'arsa. Daga nan masu zane suka fara zana mutum yadda yake, har da tamojin fuskarsa. Na ce, "To, shi za ki ci?"

Sai muka iso gaban zanen wani attajirin Italiya. Dattijo ne mai furfura, ya ɗan karkace yana hararar mu kamar mun taya kayansa da wulaƙanci. Amma ba fuskar ce ta kama ni ba. Rigarsa ce, jan karan-miski mai nauyi, inda ya naɗe a gwiwar hannu yana sheƙi, inda ya goge a wuya ya ɗan koɗe. Duk wanda ya yi kasuwar yadi ya san ba a yarda da ido, sai an murza da ɗan yatsa da babban yatsa. Wallahi ban san lokacin da na tsallake igiyar da aka gitta a gaban zanen ba.

Ƙararrawa ta ɗauka. Ɗakin kaf ya juyo. Wani mai gadi ya taho da sauri, ya dubi hulata, sai na ji Hausar zangon Ghana: "Alhaji, hannu baya! Nan ba kasuwa ba ne!"

Na tsaya da yatsu biyu a sama, saura ƙiris. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "So nake in ji ko na asali ne."

Ya ce, "Fenti ne, Alhaji. Mai rigan ma ya mutu tuntuni."

Autata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta. Ta ba shi haƙuri da Turanci, ta ja ni waje kamar ita ta haife ni.

A tube, muna hanyar komawa gida, sai ta ce, "Baba, yaya kallon bango?" Na ce ta kiyaye ni. Amma zuciyata tana can gun rigar. Mutum ya zauna da fenti da haƙuri ya kalli yadi har ya ruɗi wanda ya tsufa cikin yadi. Ko ni ban taɓa yi wa kayan shagona irin wannan kallon ba. Kafin mu sauka daga bas na ce, "Je ki karanta. Amma ki binciko mini inda aka saƙa yadin nan."

Ta karanta, yanzu ma ita ke koyar da wasu. Abin da ke ci mini rai shi ne watannin da na yi ina gasa mata magana a kan abin da ban taɓa tsayawa gabansa ba. Tun ranar na koyi in je in gani kafin in hana ɗa abin da yake so. In na je kuma, hannuwana suna cikin aljihu.