Shanun da na kora daga tafki

A ƙauyenmu, tsakanin Batsari da Safana, akwai tafki a gindin wani faffaɗan dutse. Ruwan da ya gangaro da damina nan yake taruwa, ya kai mu har bazara. In ka hau dutsen ka dubo, sai ka ga tafkin kamar faifai mai zobe-zobe. A tsakiya bado ne, ganyensa a shimfiɗe kan ruwa. Daga shi sai siririn zoben kacala, doguwar ciyawar nan mai kai kamar zangarniyar gero. Sai taɓon da shanu suka tattake, sannan ciyawar kirikiri a kan tudu. A zatona zurfin ruwa ne ya yanka wa kowa iyakarsa.

Badon nan Inna, mahaifiyata, ba ta haɗa shi da komai. Shekarar fari da shi ta riƙe mu, ta tono saiwarsa ta dafa, ta daka 'ya'yansa ta yi tuwo. Ko bayan wadata ta dawo, da ruwa ya ja baya sai ta ɗaure zane ta shiga.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka fara ganin wayar shinge a kasuwar Batsari. Ina da ƙuruciya da son a ce ni ne. Gonarmu ce ta kusa da tafki, sai na yi lambun tumatir, na ja waya na kewaye, har na haɗa da bakin burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya tun kakanni. Wani Bafulatani sa'ana, wanda muka tashi tare, ya zo ya tsaya a bakin wayar da sandarsa a wuya.

"Kaɗo, ruwan ma ka saya ne?"

Na ce masa shanunsa ba su san tumatir da ciyawa ba. Ya kaɗa garkensa ya koma shayarwa can wajen Ruma. Ban kyauta ba, kuma ko a ranar na sani.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Kacala ta fara tafiya. Ta haye taɓon da babu mai tattaka shi yanzu, ta kuma nutsa cikin ruwa inda ban taɓa ganinta ba. Ta yi wa bado inuwa, ganyensa ya yi ja, ya ragu, har ya koma ɗan fili kamar tabarmar sallah. Inna ta je bakin ruwa ta dawo da ƙwarya wayam. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ashe da raina zan ga ƙarshensa." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na shiga da lauje na yi ta yanka, ƙafafuna duk matsattsaku. Kafin wata ya mutu ta sake tofowa. Wata rana na hau dutse ina hutawa, sai na lura da wani lungu da wayata ta faɗi, inda jakunan gari da awaki ke satar shiga shan ruwa. A nan kaɗai kacala ba ta ci gaba ba, kuma a gabansa ne sauran badon ya tsira. Zurfin wurin ɗaya ne da ko'ina. Sai a lokacin na gane ba ruwa ne ya tsare kacala ba, baki ne da kofato. Shanu na cinye tohonta suna karya saiwarta, bado kuma yana samun rana.

Na sayi goro na tafi rugar su Bafulatanin nan. Na same shi yana tatsa.

"Mi ya kawo mai tumatir cikin kashin shanu?"

"Biko na zo."

"Matarka ta yi yaji?"

"Shanunka suka yi."

Ya yi dariya har ya kusa kifar da ƙwaryar. Da na faɗa masa abin da na gani, ya ce shi bai san wannan ba, shi dai ya san Ruma da nisa, maruƙansa sun rame. Amma ya ce tsohuwar kacala ko jaki ba ya ci, sai in an ƙone ta sabuwa ta fito.

Da bazara na naɗe wayata da hannuna, mutanen gari suna kallo, wasu na tambayata ko ta sayarwa ce. Muka yanke kacalar da ta bushe muka sa mata wuta. Da toho ya fito, garken ya sauko ta burtali da gudu, suka faɗa ciki har gwiwa. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don ban sani ba ko saiwar badon ta riga ta ruɓe a ƙasa.

Sai da ruwa ya cika, wata safiya ina hanyar gona, na hango fari-fari a wurin da bara kacala ce zalla. Na matsa. Furen bado ne, ba yawa, amma a warwatse har gefen dutse. Na ajiye fartanya na koma gida na gaya wa Inna. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "To ka bar shi ya nuna, kada ka je ka yi masa wata dabarar."

Na ce to. Ranar ban yi noman kirki ba, na zauna a kan dutse ina kallon shanu suna sha.