Ƙirjin Ƙanena

Duk sanda na ji ƙamshin suyar gyaɗa, ƙanena nake tunawa, da shekarar da Baba ya rantse sai ya kai shi gidan mari.

A Kwanyawa muka taso. Ba zan ɓoye maka ba, yaron nan ya ishe mu. Ka ce masa zauna, miƙewa zai yi. Abu kaɗan sai ya yi jifa da kwano, ya gantsara wa wanda ya riƙe shi cizo. An yi duka, an sha rubutu, an yi hayaƙi, duk a banza. Ni kaina da nake yayarsa tsoronsa nake ji.

Lokacin cirar gyaɗa ya fasa wa ɗan maƙwabcinmu goshi. Baba ya shigo da shi riƙe da kunne, ya ce gobe zai miƙa shi wani gida can bayan Rogo, inda ake sa wa kangararrun yara ƙarfe a ƙafa. Innarmu ta shige ɗaki tana kuka.

Kakarmu na bakin murhu tana suya. Ta ajiye marar, ta ce, "Zo nan, maigidana." Ta jawo shi, ta kamo hannun Baba ta ɗora a ƙirjin yaron.

"Taɓa ka ji."

Ni ma na saci taɓawa. Zuciyarsa na bugawa kamar ta tsuntsun da aka kama, kunnuwansa zafi rau, tafin hannunsa sharkaf da gumi.

"Mai taurin kai ba ya rawar jiki haka," in ji ta. "Jikinsa ne ke rigansa. Bar mini shi."

Baba ya daɗe bai ɗauke hannunsa ba. Washegari gona ya tafi, ba gidan mari ba.

Daga nan kakarmu ta sa wa yaron ido. Da ta ga kunnuwan sun ɗau zafi, sai ta tsoma hannuwansa a ruwan randa, ta miƙa masa taɓarya. Namiji da daka! Muka yi ta dariya, shi kuwa ya yi ta kirɓa gyaɗa har numfashinsa ya daidaita. Bai warke a rana ɗaya ba, amma fashe-fashen sun ragu.

Yanzu likitoci na da suna ga abin, har magani suna bayarwa. Kakarmu ta rasu ba ta taɓa jin sunan ba. Ƙanen nawa magidanci ne da 'ya'ya, har yau da ɗan zafinsa. In na je gida na tarar yana alwala, nakan kalli idon sawunsa, sumul, babu tabon ƙarfe, in yi hamdala.