Kusurwar da na kwance daga eriyar Malam Yohanna

Yau shekara huɗu cif da rasuwar maƙwabcina Malam Yohanna, tsohon ma'aikacin sadarwa na jirgin ƙasa, ɗan kudancin Kaduna da ya tsufa tare da mu a Maitumbi. Ina da laifin da ban taɓa faɗa ba.

Bayan ya yi ritaya, rediyo ya zama abokin hirarsa, irin wanda mai lasisi ke magana ta cikinsa da takwarorinsa na wasu ƙasashe. Da hannunsa ya haɗa eriyar: doguwar wayar tagulla da ta zagayo ta haɗe, mai kusurwa huɗu. Filinsa bai isa ba, sai ya roƙi reshen mangwaron gidana ya ɗaure kusurwa ɗaya. Mun kwashe Asabar uku muna saita ta. Mu sauke, ya rage ɗan taƙi da filaya, mu ɗaga, ya leƙa allurar mita ya ce, "Alhaji, saura kaɗan." Ranar da wata murya ta amsa masa daga nesa, rungume ni ya yi.

Da hare-hare suka yi yawa ta wajen Shiroro, sai magana ta fara yawo a unguwa wai da mutanen daji yake magana. Na san ƙarya ce. Na ga lasisinsa, na sha zama ina jin hirarsa, duk ta yanayi ce da gaisuwa. Amma ranar da aka taru a ƙofar mai unguwa aka tambaye ni, na ce ban san komai ba. Tsoro nake kada a haɗa da ni. Washegari da safe na hau mangwaron na kwance igiyar.

Ya fito ya tarar da wayar a ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Ba komai, Alhaji, iyali gare ka." Ya naɗe ta, bai sake ɗagawa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, kowa da waya a tafin hannu, ana ɓata sunan mutum kafin a gama shan koko. Ina jin haƙuri zai yi, kamar yadda ya yi mini.

'Ya'yansa har gobe suna kawo mini shinkafar Kirsimeti, suna kirana Baba. Bai taɓa gaya musu ba. Da wannan rubutun za su sani.